Mai Kalangu a Bakin Ƙofa: Yadda Kano Ta Hana Makaɗanta Wurin Tsayawa

Kwanakin baya na je wani biki a ɗaya daga cikin manyan ɗakunan taron da ke titin Gidan Zu. A bakin ƙofa na iske wani dattijo da kalangu rataye a kafaɗa, yaronsa na raɓe a bayansa. Masu gadi sun ce ba shi da katin shiga. A ciki kuwa sifiku na ruri har ƙirjin mutum na amsawa, kuma waƙar da mai DJ ya sako a lokacin da sautin kalangu aka yi ta, amma na kwamfuta. Ƙawayen amarya na ta rausaya a kai, mai kalangun gaske yana waje yana korar sauro.

Na ce masa, "Baba, ba a bar ka ka shiga ba?" Ya ce, "Ɗan nan, a da mu ake fara kai wa goron biki. Yanzu sai dai mu jira a fito." Da aka tashi, ya hango wani alhaji zai shiga mota, ya matse kalangun a hammata ya saki wani take. Alhajin ya tsaya cak, ya juyo, hannunsa ya tafi aljihu. Ashe taken kakansa ne, wanda ya yi sarautar pawa a unguwarsu.

Idan aka yi maganar ja da bayan kiɗan gargajiya a birni, amsar da kowa ke kawowa ita ce zamani: wai yaran yanzu fiyano suke so. Ban yarda da wannan ba, ko in ce ban yarda shi ne babban dalili ba. Kunnen Bakano bai sauya yadda ake faɗa ba. Ka shiga adaidaita sahu daga Kurna zuwa Bata, ko ka tsaya wajen mai shayi a Fagge bayan Isha'i, za ka ji muryar Mamman Shata, wanda ya rasu tun 1999, tana fita daga wayar yaron da ba a haife shi ba a lokacin. Son kiɗan yana nan daram. Filin yin sa ne birnin ya cinye.

Kiɗan Hausa tun asali ba na zama a kujera a saurara ba ne. Kowane da aikinsa da inda ake yin sa. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe, dundufa ta maƙera, ganga ta manoma ranar gayya, kiɗan ƙwarya na mata a tsakar gida ranar suna ko wuni, tambari da kakaki da algaita na ƙofar fada. 'Yan mata kuma suna da dandali da gaɗa idan farin wata ya fito. To ina dandalin yake a yau? Filin da yara ke wasa a unguwa an yanka shi fuloti, an yi shaguna. Kududdufin da ke gefensa an cike shi an ɗora bene. Tsakar gidan da ke ɗaukar mata hamsin da ƙwarya da tabarma, magada sun raba ta huɗu, kowa ya ja katanga. Ko ganuwar birni ba ta tsira ba, balle filin gaɗa.

Bayan fili sai dare. Duk wanda ya zauna a Kano ya san yadda hare-haren 20 ga Janairun 2012 suka sauya daren garin: dokar hana fita, shingayen bincike, kowa na sauri ya shige gida. Shekara guda bayan haka aka hana acaɓa ɗaukar fasinja. Tsaro ya dawo, alhamdu lillahi, amma sabon da aka yi da kulle ƙofa da wuri bai tafi duka ba. Makaɗi kuwa kasuwarsa ta dare ce. Sannan ga tashe, wanda a cikinsa ne yaron birni ke fara riƙe ganga ko gwangwani daga goma ga azumi. A 'yan shekarun nan an sha hana shi saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya da ke fakewa da shi.

Ba zan raina wannan dalili ba. Wanda aka tare da wuƙa a lungu aka karɓe masa waya ba zai saurari dogon bayani kan al'ada ba, kuma yana da gaskiyarsa. Haka ma malaman da ke ƙyamar taron kiɗa saboda cakuɗuwar maza da mata da shaye-shayen da kan biyo baya. Damuwarsu ba ƙage ba ce. Sai dai a duba wa hukuncin ke faɗa wa. Ɗan daba ya yi laifi, an karɓe gangar yaro. Ɗan daban kuma bai tuba ba, ya koma bakin titi. Batun hayaniya kuwa, don Allah a bar shi. Kalangu goma ba su kai ƙarar sifika ɗaya ta mai tallan maganin gargajiya a bakin kasuwa ba, balle janaretan maƙwabci.

Hujjata mafi ƙarfi ita ce wuraren da kiɗan bai mutu ba. Je ka gidan dambe na dandalin Ado Bayero da yamma. Ana biyan kuɗin ƙofa, akwai masu tsaro, akwai lokacin farawa da na tashi, kuma makaɗa na nan da kalangunsu suna zuga 'yan damben ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada. Ɗan dambe ya ji takensa, tsikar jikinsa ta tashi, ya fito yana kirari. Babu wanda ya taɓa tunanin a sallami makaɗan a kawo kaset, don kaset bai san wanda ya shigo fili ba. Haka fada: makaɗan sarki sun ɗore saboda suna da gida, suna da ranakun aiki. Wannan ma ya girgiza, domin hawan Sallar Kano da UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024 an dakatar da shi fiye da sau ɗaya saboda rikicin masarauta, kuma duk hawan da aka fasa, abincin masu algaita da 'yan kotso ne aka zubar.

Abin da mai kalangu ke yi wanda na'ura ba ta iyawa shi ne sanin mutane. Yana matsa tsarkiya yana sassautawa, kalangun na hawa da sauka yadda harshen Hausa ke yi, har mai kunne ya tsinci magana a ciki. Ya san ɗan wane ne kai, sana'ar gidanku, wanda ya yi kyauta da wanda ya yi rowa. A garin da miliyoyin mutane ke gogar kafaɗar juna ba sallama, samun wanda zai kira sunan kakanka a bainar jama'a ba ƙaramin abu ba ne. Na san akwai maroƙan da suka ɓata sana'ar da naci da zambo, waɗanda in ba ka ba su ba sai su bi ka har mota. Su ma rashin wurin aiki ne ya ƙara tura su bakin titi.

Abin da ba na so shi ne a mayar da makaɗan nan kayan ado, a tuna da su sai ranar ƙauyawa, inda 'yan birni ke ɗaura zanen saƙi su ɗauki hoto da ƙwarya, ko sai baƙi sun zo a kira su gidan tarihi na Gidan Makama su yi minti goma. Hakan ba ya raya sana'a, don ba yaron da zai gaji abin da ake nema sau biyu a shekara. Ƙananan hukumomin cikin birni su ware fili a unguwanni, ko da harabar makarantar firamare ce ranar Asabar daga La'asar zuwa Magariba, mai unguwa ya sani, 'yan sintiri su tsaya, mata da ɓangarensu. Tashe a tsara shi unguwa-unguwa da manya a gaba, maimakon hani na bai ɗaya. Masu biki kuma, cikin dubban da ake kashewa kan ado da hoto, a ware wa makaɗi kujera da rabin sa'a da za a kashe sifika.

Dattijon nan na tambaye shi ko yaron da ke bayansa ɗansa ne. Ya ce jikansa ne, shi kaɗai ya rage mai biyo shi, kuma shi ma ya fara zuwa koyon gyaran waya a Farm Centre da safe.