Birkin hannu ya yi tauri, amma aikin bai ƙare ba

'Yan'uwa masu manyan babura, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. In babur ɗinka mai haɗaɗɗen birki ne, wanda gaba da baya ke kamawa tare, kada ka yarda a ce maka an gama cire iska daga tiyon birki don kawai birkin hannu ya yi tauri.

A kaina abin ya faru. An canza wa babur ɗina Honda VFR800 ƙirar 1999 man birki, na matsa hannu na ji shi gam kamar dutse, na hau na kama hanya. Ina saukowa wata gangara na taka birkin ƙafa, sai ƙafata ta nutse kamar na taka soso. Allah ne ya kiyaye, ba kowa a gabana. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ba na zargin bakaniken da mugunta. Ya yi aikin yadda ya saba yi wa babur mai birki biyu rabe, alhali wannan ginin daban ne. Tun 1975 kamfanin babura na Moto Guzzi ya haɗa birkin ƙafa da ɗaya daga cikin faya-fayan birkin gaba, a 1993 kuma Honda ta fito da nata tsarin a kan CBR1000F. A irin nawa, kowane kalifa, wato abin da ke matse faifan birki, fistin uku gare shi. Birkin hannu na tura na gefe-gefe a gaba, birkin ƙafa kuma na tura na tsakiya a gaba da na gefe-gefe a baya. Sannan ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: kalifan gaba na hagu ba a kafe yake ba. Da ya kama faifai sai ya ɗan motsa, ya danna wata ƙaramar masta, wato famfon tura man birki, da ke jikinsa, ita kuma ta aika mai ta wani bawul mai daidaita ƙarfi har zuwa tayar baya.

To ka ga, hanyar man birkin ƙafa doguwa ce, ta je gaba ta dawo baya, ta hau ta sauka. Iska kuwa sama take nema. Duk inda tiyo ya yi tudu, nan take laɓewa, kuma mai ba ya matsuwa amma ita tana matsuwa. Shi ya sa littafin kamfani ya jera wuraren da za a buɗe ɗaya bayan ɗaya, har ya ce a kwance kalifan hagu a ɗan karkata shi, don ƙwayar iskar da ta maƙale a ƙaramar mastar ta samu hanya. Wanda ya tsallake wannan, ko ya ƙarar da kwalba guda yana famfo, tana nan daram.

Aikin na mutum biyu ne, kuma na mai haƙuri. Ɗaya ya taka ya riƙe, ɗaya ya sassauta notin fitar da iska da sifana, ya sa ido kan siririn tiyo mai haske yana kallon kumfa na wucewa, ya ɗaure kafin a saki feda. Kada a bar kofin mai ya ƙafe, in ba haka ba an koma gidan jiya. A sa man birki nau'in DOT 4 daga sabuwar kwalba, domin man nan yana shan raɓar iska: sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya sauka wajen 155. Kada a gauraya shi da DOT 5. In ya ɗiga a fenti, a wanke da ruwa nan take.

Masu cewa a raba birkin kawai a huta kuma, ban yarda da su ba. Girman masta da fistin tare aka auna su. Wahalar awa biyu duk bayan shekara biyu ba ta kai a lalata lissafin da ranka ya dogara a kai ba.

Ni yanzu ba na hawa sai na ɗaga tayar baya na juya ta, na tura kalifan hagu da hannuna. In tayar ta tsaya cak, na san mai ya isa can. In ta ci gaba da juyawa, sifana nake sake ɗauka.