Zanen Gargajiyar Latviya Yana Hannun Masaƙa

Duk wanda ya zaga shagunan Riga, babban birnin ƙasar Latviya da ke arewacin Turai, zai ga wani zane mai launin ja da fari a jikin riguna da kofuna da jakunkuna, har da fatar matasa masu yin zanen jiki. Akasarinsa an ɗebo shi ne daga ɗamarar garin Lielvārde, wata doguwar ɗamara da ake saƙawa da jan zaren ulu da farin lilin, wadda siffofinta ke sauyawa daga wannan baki zuwa wancan. Wasu na ganin wannan yaɗuwa a matsayin zubar da mutuncin gado. A ganina ba haka ba ne, domin zanen da aka kulle a gidan tarihi ya daina magana da mutanensa.

Tarihin ƙasar ya nuna amfanin fitowarsa fili. A ƙarshen shekarun 1980, lokacin da jama'a suka tashi neman 'yanci daga Tarayyar Sobiyet, alamar Auseklis, wato gamzaki mai tsini takwas, ita ce aka riƙa maƙalawa a ƙirji, kuma kowa ya san abin da take nufi. Bikin waƙa da rawa na ƙasa, wanda aka fara a 1873, har yau yana tara dubban mutane sanye da kayan yankunansu.

Inda nake da damuwa shi ne wajen ma'anar da ake jingina wa alamomin. Masu sayar da kaya kan ce wannan na kawo arziki, wancan na kare gida, kamar dai haka aka gada tun kaka da kakanni, alhali da yawa daga cikin sunaye da fassarorin an tsara su ne a shekarun 1920, musamman ta hannun mai zane Ernests Brastiņš. Wannan bai rage musu daraja ba, amma ya kamata a faɗa wa mai saye gaskiya. Mu ma da muke ganin Dagin Arewa a jikin kowace tuta da katanga, mun san yadda alama ke samun sabuwar ma'ana bayan an ɗauke ta daga inda aka saba yin ta.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne sana'ar kanta. A da, amarya kan saƙa safar hannu masu yawa don raba wa dangin miji, kuma a kan aikin ake auna ƙwazonta. Lokacin taron ƙungiyar NATO a Riga a 2006, masaƙa daga sassan ƙasar sun saƙa safar hannu ta kusan mutum 4,500 domin baƙi. Inji na iya buga siffar Jumis, wato alamar albarkar girbi, a kan riga dubu cikin yini ɗaya, amma ƙirga zare da daidaita launi sai a gaban mai koyarwa ake iya su. Don haka ya kamata makarantu da hukumomin raya al'adu na Latviya su fi zuba kuɗi wajen ɗaukar nauyin masaƙan da ke koya wa yara, kamfanonin da ke cin ribar zanen kuma su riƙa sayen aikinsu da farashin da zai riƙe su a kan sana'ar.