Rigimar "Wa Za Ta Aura?": A Sakar Wa Marubuta Mara

Duk wanda yake cikin zaurukan karatun littattafan Hausa na WhatsApp, ko yake bin fina-finai masu dogon zango a YouTube, ya san yadda abin yake farawa. Yarinya guda, manema biyu. Ɗaya ɗan baffanta ne da suka taso tare, mai haƙuri, ba shi da komai sai albashin koyarwa. Ɗayan ɗan masu da shi ne, miskili, sai an yi nisa a labari kafin a ga haƙorinsa. Tun marubuciya ba ta kai rabi ba, masu karatu sun rabu gida biyu, kowa ya ja daga. Daga "ni dai wane nake yi" sai a koma "duk mai son wane kwaɗayayya ce". Daga nan sai gori, sai tonon silili, sai "Allah ya isa".

Ba na cikin masu cewa wannan musu shirme ne ko rashin aikin yi. Labarin da ba a yi gardama a kansa ba bai taɓa zuciyar kowa ba. Kuma in ka saurara da kyau, za ka ji ba mutanen cikin labari ake yi wa faɗan ba, kowa ciwonsa yake sosawa. Matar da aka yi wa kishiya bara, da idon uwargida take karatu, ko me amarya ta yi ba ta burge ta. Saurayin da ya yi shekaru yana zirga-zirgar zance, rana tsaka wani alhaji ya shigo da akwatunan lefe aka sallame shi, ba zai taɓa goyon bayan ɗan masu kuɗi ba ko da waliyyi ne. Budurwar da ake lallashi ta karɓi zaɓin iyaye tana neman labarin da zai ce mata za ta iya so daga baya, ko wanda zai ce mata ta tsaya a kan bakanta. Auren zumunci, talaka da mai hali, uwargida da amarya, waɗannan su ne zancen da ake yi a kowane tsakar gida a Kano, daga Gwammaja har Sheka. Labari yana ba mutane damar faɗin abin da kunya ba za ta bari su faɗa a gaban iyaye ko miji ba. Shi ya sa kalma ɗaya a kan jarumin da babu shi take yi wa mutum zafi kamar shi aka zaga.

Abin ma ba yau ya fara ba. Iyayenmu sun yi irin wannan musu a ƙofar gidajen sinima na Plaza da El Dorado bayan an tashi daga fim ɗin Indiya. Da littattafan soyayya suka cika kasuwa a shekarun 1980 da 1990, zamanin ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama, 'yan mata sun yi ta cacar baki a makarantun kwana kan wa ya dace da wa, yayin da masana irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu suke nasu musun a jaridu kan darajar wannan adabi. A waje ma haka. Da Louisa May Alcott ta fitar da kashi na farko na littafinta Little Women a Amurka a 1868, 'yan mata sun yi ta aiko mata da wasiƙu suna son ta aurar da jarumar labarin, Jo, ga abokinta Laurie. Ta rubuta a littafin ajiyar sirrinta cewa ba za ta yi hakan don faranta wa kowa rai ba, kuma a kashi na biyu da ya fito a 1869 wani daban ta aura mata. Matasanmu masu bin Naruto, labarin zane na Japan, kuwa suna tune da abin da ya faru a Nuwamban 2014, lokacin da marubucinsa Masashi Kishimoto ya rufe labarin bayan shekara 15 da auren Naruto da Hinata: masu son a ba shi Sakura sun yi ta tayar da jijiyar wuya a intanet, har da masu tara sa hannu.

Abin da ya canza a wajenmu shi ne tazarar da ke tsakanin mai rubutu da mai karatu. A da littafi yana zuwa hannunka ne a buge. Ka saya a kasuwa ko ka yi haya a shagon unguwa, in ƙarshen bai yi maka ba, iyakarka ka yi tsaki ko ka rubuta wasiƙa. Yanzu shafi-shafi ake sakin labari, yau ɗaya gobe ɗaya, kuma lambar wayar marubuciya tana saman kowane shafi, domin ta nan ake tura shaidar biya kafin a sa mutum a zaure. Wato duk wanda ya biya 'yan ɗaruruwan naira ya sami ƙofar shiga har cikin ɗakinta, kuma labarin bai ƙare ba, ana iya tanƙwara shi.

Akwai 'yar yayata da ke irin wannan rubutu. Da waya take bugawa, da babban yatsa, bayan ta gama aikin gida, wani lokaci sai ta aika wayar wajen mai caji kafin ta ci gaba. Wata rana na je gidan na tarar idonta ya yi ja. Ta miƙo min wayar ta ce, "Kawu, don Allah duba abin da suke turo min." Laifinta shi ne ta nuna alamar jarumarta ta fara karkata ga wanda mafi yawan zauren ba sa so. Wata ta ce a maido mata da kuɗinta. Wata ta ce daga gani marubuciyar 'yar talakawa ce shi ya sa take baƙin ciki da masu kuɗi. Wata kuma, a saƙon murya, ta haɗa har da mahaifiyarta. Ta tambaye ni, "To Kawu, in canza ne?" Yarinyar da ta san ƙarshen labarinta tun kafin ta rubuta layin farko, ga ta tana shawarar rushe shi saboda tsoron baki da tsoron kada a watse mata.

Da yawa suna canzawa, kuma a nan ne babbar asarar take. Ku lura da yadda labaranmu suke ƙarewa in rigima ta yi zafi. In namiji ɗaya ne da mata biyu, mafita a buɗe take: a aura masa duka, kowane ɓangare ya sami nasa, faɗan ya koma wa ta fi girki, wa ta fara haihuwar namiji. In kuwa mace ɗaya ce da maza biyu, dole ɗaya ya fita, kuma marubuciyar da ke jin tsoron masoyansa ba ta iya barinsa ya fita da mutuncinsa. Sai kwatsam mutumin da aka yi shafi hamsin ana nuna mana kirkinsa ya zama ɗan ƙwaya. Ko a gano uwarsa tana bin bokaye. Ko wata tsohuwa ta ɓullo daga ƙauye ta ce ai ta shayar da su nono ɗaya. Ko gwajin jini ya nuna ba su dace ba, dabarar da ta ƙara samun gindin zama tunda Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. In duk an rasa, sai a tura shi hanyar Zariya a haɗa shi da tirela. Duk wannan don kada a rubuta abin da ya fi faruwa a rayuwa: mutum biyu na kirki su so yarinya ɗaya, ta zaɓi ɗaya saboda dalilinta, ɗayan ya ji ciwo, ya yi haƙuri, ya ci gaba da rayuwarsa. Wannan shi ne labarin da matasanmu suka fi buƙata, domin a garin nan mun ga abin da rashin iya karɓar "a'a" yake jawowa. Amma shi ne labarin da rigimar masoya ba ta bari a rubuta.

Za a ce ai mai karatu kuɗinsa ya biya, ya sayi data, yana da haƙƙi. Yana da shi: a ba shi labari cikakke, a kan lokaci, ba tare da an ja masa rai ko an gudu da kuɗinsa ba. Yana da haƙƙin ya ce wannan ƙarshe bai gamsar da ni ba, ga dalilina. Amma kuɗin karatu ya biya, ba na alƙalami ba. Ko a tatsuniya, in kaka ta ce "ga ta nan ga ta nanku", yara ne ke amsa "ta zo mu ji ta", su yi tambaya, su yi waƙar tare da ita, wani ma ya yi kuka don an cuci marainiya, amma ita kaɗai ke cewa ƙurunƙus.

Sai dai ba zan wanke marubuta da masu shirya fim tas ba. Wasunsu su ke hura wutar. Marubuciya ta rufe shafi da "ina 'yan ɓangaren wane, ku fito an taɓa naku", tana ganin sharhi yana ta zuba tana jin daɗi, ba ta san wutar za ta dawo kanta ba. Wasu har ƙuri'a suke jefawa a zaure kan wa za a aura wa jaruma, abin da a ganina sallama sana'a ce. Furodusan da ya ga rigima tana kawo masu kallo, kuma yawan kallo ne ke kawo kuɗi a YouTube, sai ya ja zancen mutum uku zango bayan zango, abin da fitowa goma za ta ishe shi. Ga kuma masu shafukan Facebook da TikTok da ke liƙa hotunan jarumai biyu su rubuta "wa ya fi dacewa da ita?", su koma gefe suna ƙirga masu tsokaci, ba ruwansu da wanda aka zaga.

Wanda ake zaga kuwa mutum ne mai rai. Jarumar da aka ba ta fitowar kishiya tana da iyaye da 'yan uwa da ke karanta abin da ake rubutawa ƙarƙashin hotonta, ana kushe halittarta, ana yi mata ƙagen abin da ba ta ji ba ba ta gani ba, saboda kalmomin da wani ya rubuta mata ta haddace. Aya ta 11 da ta 12 a Suratul Hujurat sun hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi da cin naman wani, kuma ba su ware wanda ya yi shi da sunan bogi ba. Sannan mu tuna wannan sana'a ba ta rasa masu jiran ta yi tuntuɓe. An ƙona littattafai a Kano a 2007. Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 a watan Mayun 2025 kan batun miƙa su don tacewa. Duk ashar ɗin da masoya suka yi wa juna a fili hujja ce suke miƙa wa masu cewa wannan adabi ɓata tarbiyya kawai yake yi.

Marubuci ya yanke ƙarshen labarinsa kafin ya saki shafin farko, ya kuma faɗa tun a gabatarwa cewa ba za a canza ba. Masu kula da zaure su bar musu ya yi zafi yadda ya so a kan labari, amma duk wadda ta tsallaka zuwa iyayen wata ko halittar jaruma a cire ta, ko da ita ta fi kowa biyan kuɗi. Wadda kuma ɓangarenta ya faɗi, akwai abin da ya fi zagi amfani. A wasu ƙasashe masoya kan zauna su rubuta nasu ƙarshen, su haɗa waɗanda suke so a haɗa, su ajiye a rumbunan intanet irin su Archive of Our Own, wanda ya buɗe a 2009 har ya ci kyautar adabi ta Hugo a 2019. Babu abin da zai hana mai karatu a Kurna ko Hotoro ta yi haka da Hausa, muddin ta nemi izinin mai labarin, ta ambaci sunanta, kuma ba ta sayar ba.