Bakano, Bazazzagi da Keke Mai Batir

Wata safiyar Litinin Bakano ya nufi ofis a Sakatariyar Audu Baƙo bisa tsohon keken mahaifinsa, sai ya iske Bazazzagi a gindin gadar Ƙofar Nasarawa yana tura sabon keke, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

Bakano: Sannu da aiki, mutumin Zazzau. Mu a Kano hawa keke muke yi, ashe ku a garinku rakiya kuke yi masa.

Bazazzagi: Ka iya bakinka, Bakano, domin wannan da kake gani mai batir ne, shi yake tafiyar da kansa. Kai da ka jingine mota ka koma kan Rali mai tsatsa, ina bakinka na yi wa wani dariya?

Bakano: Ba ni kaɗai na jingine ta ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta zarce dubu, ni kuwa na shiga ɗakin shirgi na ciro Ralin Baba, na ɗiga wa sarƙa baƙin mai, mai faci ya ba tayoyin iska. Kwanakin farko gwiwoyina sun yi tsami har sai da na riƙa sallah a zaune, amma yanzu tumbina ya saɓe, kuma tankina kwanon koko ne da ƙosai.

Bazazzagi: To, nawa ko kokon ba ya sha. Injinsa a cikin cibiyar tayar baya yake, da zarar ka taɓa feda sai ka ji kamar wani ya turo ka, babu hayaƙi, babu ƙara. Ranar da na fara hawansa na wuce a-daidaita-sahu a hanyar Kurna, direban ya bi ni da kallo.

Bakano: Madalla. Yau kuma me ya sami mai turowar?

Bazazzagi: An ɗauke wuta a unguwarmu tun ranar Asabar, batirin bai cika ba, ya mutu daidai inda gada ta fara tudu. Na gwada feda, amma nauyin batir da inji ya fi ƙarfin ƙafafun mutumin da ya shekara ashirin bai taka komai ba sai totur.

Bakano: Idan babu wuta, a ina kake yi masa caji?

Bazazzagi: Akwai shagon cajin waya a bakin layinmu, yaron yana karɓar naira dubu ya jona mini shi na awa biyar.

Bakano: Shi kuma yaron da me yake samun wuta?

Bazazzagi: Da janareta mana.

Bakano: Janaretan kuma kunu yake sha?

Bazazzagi: Fetur yake sha, amma ai ba ni nake zuwa gidan mai ba.

Bakano: Gaskiya ne, ni nake zuwa, domin shagon nawa ne, yaron kuma ɗan yayata ne. Kawo rawaninka mu ɗaura a kariyata in ja ka zuwa ofis, naira ɗari biyar kawai saboda zumunci.

Bazazzagi: Ko a kan gada ba za ka bar ciniki ba?

Bakano: Hawa kaɗai na yi wa kuɗi. Idan mun kai gangara, na yafe maka.