Ajayi Crowther bai taɓa zama bishop ɗin Legas ba

A teburin mai shayi a Obalende da ke Legas, hira ta gangaro kan tsohon cocin nan na Angilikan da ke Marina, sai wani dattijo ya ajiye kofinsa ya ce ai Samuel Ajayi Crowther ne bishop ɗin Legas na farko. Kowa ya gyaɗa kai. Da yawa haka suka ɗauka, kuma ba a ga laifinsu ba, tunda a Legas ya rasu ranar 31 ga Disamba 1891, nan aka binne shi.

Sai dai ba haka abin yake ba. Da aka naɗa shi a Kantabari ta Ingila a 1864, baƙar fata na farko da ya zama bishop a ɗariƙar Angilikan, yankunan Afirka ta Yamma da ba sa ƙarƙashin mulkin Sarauniyar Ingila aka ba shi. Legas kuwa Turawa sun riga sun karɓe ta tun 1861, cocinta yana ƙarƙashin bishop ɗin Saliyo, Bature. Wato gari ne da iyalinsa suke, amma ba shi da iko da cocinsa.

Filin aikinsa bakin kogin Kwara ne: Onica, Lakwaja, har Bida, inda ya riƙa kai gaisuwa fadar Etsu Masaba, Sarkin Nupe, yana neman izini cikin ladabi. Wannan ɓangaren ya fi kusa da mu 'yan Arewa, amma shi muka fi mantawa.

Legas ba ta samu dayosis mai sunanta ba, wato yankin coci mai bishop nasa, sai 1919, shekara 28 bayan rasuwarsa.