Akuyar Ibn Zuhr, da masu gaggawar riƙe wuƙa

Ƙannena ɗaliban likitanci, da ku sabbin likitoci da hannunku ke ƙaiƙayin wuƙa, ku ba ni aron kunnuwanku. Yau idan numfashi ya toshe, a huda wuya a zura bututu a maƙogwaro aiki ne na 'yan mintuna. Amma an shafe ƙarnoni likitoci na gudunsa, don sun ɗauka guringuntsin maƙogwaro in an yanka shi ba ya sake haɗewa.

Az-Zahrawi, likitan fiɗa na Kurɗuba a Andalus, wanda ya rasu a 1013, bai taɓa yin wannan aiki ba. Abin da idonsa ya gani shi ya rubuta a littafinsa At-Tasrif: wata kuyanga ta yanki maƙogwaronta, ya tarar iska na fita ta raunin, ya ɗinke, ta warke, illa dusashewar murya ta 'yan kwanaki. Ibn Zuhr, likita na Ishbiliya a Andalus, wanda ya rasu a 1162, bai tsaya kan ji-ta-ji-ta ba. Akuya ya samo, ya tsaga fatar wuyanta, ya huda maƙogwaron, ya riƙa wanke wurin da ruwa da zuma har ya cike, akuyar ta ci gaba da rayuwarta. Ku lura, bai fara da wuyan ɗan wani ba.

Kada ku ce jinkiri nake yabo, tsoro ma yana kisa. A Disamban 1799 George Washington, shugaban Amurka na farko, na kwance maƙogwaro ya kumbura, numfashi da ƙyar. Ƙaramin cikin likitocinsa uku, Elisha Dick, ya ce a huda. Manyan suka hana, bayan an riga an tsiyaye masa jini sama da lita 2. Bai kwana ba. A 1825 Bretonneau na Faransa ya ceci wata yarinya mai mashaƙo da wannan hudar, mashaƙon nan dai da ya addabi Kano a 2023.

Wani likitan Amurka, Chevalier Jackson, ne ya daidaita aikin a 1909. Ya nace kada a yanka can sama kusa da akwatin murya, ya kuma nace kan kulawar bayan aiki. Nan ne da yawanku ba kwa son a je. Kowa na son a ce shi ya yi fiɗar, amma wa zai tashi da tsakar dare ya zuƙe majinar da ta daskare a bututu? Mai bututu a wuya ba shi da muryar kiran kowa. In ya toshe, kuna hira a bakin ƙofa zai tafi.

Sai Paolo Macchiarini, likitan fiɗa ɗan Italiya. A 2011, a asibitin Karolinska na Suwidin, ya dasa wa wani ɗalibi ɗan Eritiriya maƙogwaron roba da aka jiƙa da ƙwayoyin ɓargon ƙashin ɗalibin. Jaridun duniya suka yi ta kirari. Ashe bai gwada robar a jikin dabba ba kafin ya sa wa mutum, abin da Ibn Zuhr ya yi tun shekaru 800 da wani abu. Robar ba ta zama nama ba, sai ruɓa da ciwo. Duk mutum 3 da ya yi wa aikin a can sun mutu.

Don Allah, in babba ya miƙo muku sabuwar dabara, ku tambaya cikin ladabi: a kan me aka gwada, kuma ina waɗanda aka yi wa suke yanzu? Abokan aikin Macchiarini 4 ne suka yi wannan tambayar a 2014, suka sha tsangwama a kanta. A Yunin 2023 kotun ɗaukaka ƙara a Suwidin ta yanke wa Macchiarini ɗaurin shekara 2 da rabi.