Ya kamata IndyCar ta daina yawo daga birni zuwa birni

Duk mai bin gasar IndyCar ta Amurka, wato ta motocin nan masu kujera ɗaya da tayoyinsu ke waje, ya san tseren cikin gari daban yake. A filin da aka gina musamman domin tsere, sau da yawa in direba ya yi kuskure sai ya zarce cikin ciyawa ko tsakuwa ya dawo. A titin gari babu wannan rangwame. Shingen kankare ne dama da hagu, taya na gogarsa sai ƙafar mota ta karye, shi ke nan an tashi. Ga kwaltar da motocin gari suka gama cinyewa, ga fentin titi mai santsi, ga murafen magudanan ruwa da sai an yi musu walda kafin a fara. A nan ake gane direba, shi ya sa nake son wannan tsere fiye da kowanne.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda masu gasar ke ɗaukar birni yau su yar gobe. An shiga Baltimore a 2011, jama'a suka cika gari, amma kamfanin da ya shirya tseren ya fita da bashi, bayan 2013 kuma aka nannaɗe tabarma. Na Boston da aka sa a 2016 ko tashi bai yi ba, aka soke shi bayan mutane sun sayi tikiti. Nashville ta zo a 2021 da hanyar da ke haye gadar kogin Cumberland, abin sha'awa a talabijin, sai dai wuraren shan kwanarta sun yi matsi ainun. A tseren farko, zagaye 33 cikin 80 a bayan motar tsaro aka yi su, wato motar da ke shiga gaba ta rage wa masu tsere gudu in an yi haɗari, kuma Marcus Ericsson da motarsa ta hau ta Sebastien Bourdais ta yi sama tun da fari shi ne ya zo na ɗaya. Shekara uku kacal, aikin sabon filin ƙwallon garin ya kore su zuwa bayan gari.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kowace shekara sai an kafa shinge da raga da kujerun 'yan kallo, a kwashe bayan kwana uku na wasa. Makonni ana tare hanya, masu shaguna na ƙorafi, mazauna unguwa na kukan ƙarar inji. Da zarar an canja magajin gari ko aljihun mai shiryawa ya girgiza, magana ta mutu. Idan kuma aka yi ƙwauron kuɗin gyaran titi, a sami irin abin da ya faru a Belle Isle ta Detroit a 2012, inda facin hanya ya ɓamɓare ana tsaka da tsere, aka tsayar da shi kusan awa biyu.

Ga kuma batun rai. Jeff Krosnoff da wani ma'aikacin gefen hanya sun rasu a Toronto a 1996. A Houston a 2013 motar Dario Franchitti ta daki raga, tarkace suka ji wa 'yan kallo ciwo, shi kuma bai sake tsere ba, mutumin da ya ci kambun gasar sau huɗu. Gilashin kariya da aka sa a gaban direba tun 2020 ya taimaka ƙwarai, amma ba zai faɗaɗa titi ba.

To me ya sa Long Beach ta Kalifoniya ke nan tun 1975? Domin an ba ta lokaci. Ta karɓi Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, daga 1976 zuwa 1983, ta koma motocin Indy a 1984, har tseren ya zama bikin gari da otal-otal da masu abinci ke lissafi da shi. St. Petersburg ta Fulorida ma haka, tun 2005 take nan, kuma titin jirgin sama da aka haɗa da hanyarta ya ba da faɗin da ake iya wuce mota a kwanar farko.

A ganina Roger Penske, mai gasar tun 2020, ya yi daidai da kamfaninsa ya sayi tseren Long Beach a 2024. Haka ya kamata ya yi da duk sabon birni: gasar ta zuba kuɗinta, a ƙulla yarjejeniyar shekaru masu yawa, a sabunta kwalta tun kafin mota ta taka, a kuma bar direbobi su duba zanen hanyar kafin a kafa shinge ko ɗaya.